Kukan Shaf a Garejin Apo

Ina ɗan shekara goma sha bakwai kawuna ya ɗauko ni daga Zariya ya danƙa ni hannun wani bakanike a Apo, matattarar makanikai ta Abuja. Wata uku na yi ina wankin sifana da miƙa jak. Aikin farko da Oga ya yarda na sa hannu a ciki shi ne na wata a-kori-kura ƙirar Hilux mai jan ƙafa huɗu, wadda ke kwasar kayan gini daga kasuwar Dei-Dei zuwa ƙauyukan Kuje.

Direban ya ce da zarar ya sha kwana sai gaban motar ya kama ƙas-ƙas-ƙas. Oga bai taɓa ko noti ɗaya ba. Ya sa shi ya saka giyar ƙafa huɗu, ya murɗe sitiyari har ƙarshe, ya zagaya fili a hankali. Sannan ya dube ni.

"Yaro, daga ina kukan yake?"

"Daga tayar hagu, Oga."

"Madalla. Kan shaf na waje ne. Da na ciki ne, rawa za ta yi in ya taka totur. Shiga ƙarƙashi ka gaya mini abin da ka gani."

Na kwanta a kan kwali. Robar da ke rufe kan shaf ta yage, baƙin giris ya fantsama ko'ina a cikin taya. A ranar na fahimci abin da ke ciki: ƙwallayen ƙarfe shida a cikin keji, suna kai da komo a kwarminsu, don taya ta ci gaba da samun ƙarfin inji ko tana karkace. Wani injiniyan kamfanin Ford, Alfred Rzeppa, shi ya ƙirƙiro wannan dabara tun shekarun 1920. Duk wannan fasaha roba ɗaya ce ke tsaronta. In ta tsage, giris ya fice, ƙurar hunturu da jar lakar damina su shiga su yi ta niƙa ƙarfen. Oga ya ce, "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

Mun sassauta babban notin tsakiya tun taya tana ƙasa, da dogon bututu a bakin sifana. Muka ɗaga mota, muka kwance ƙafar, muka zare shaf, man giya yana ɗiga a tsohon galan. Oga ya tafi da ni layin masu sayar da kayan Beljiyam. Kowane shaf aka miƙo, sai ya riƙe sandar da hannu ɗaya, ya murɗa kan da ɗayan, ya runtse ido yana sauraron tafin hannunsa. Uku ya mayar, na huɗu ya karɓa. Muka wanke shi tas, muka cika sabon giris, muka sa sabuwar roba.

Kafin direban ya tafi, Oga ya nuna masa robar dama da ta fara tsattsagewa. "Malam, canza wannan yau. Kuɗin roba ba ya kama ƙafar kuɗin shaf, kuma kana ɗauke da mutane a bayan nan." Muka canza ta, kuɗin aikin kuwa Oga bai ƙara ko kwabo ba.

Oga ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Yanzu ina da nawa garejin da yara huɗu. Duk motar da ta shigo, ko gyaran fitila ya kawo ta, sai na miƙa wa ƙaramin cikinsu kwali da tocila na ce ya fara duba roba.