Hutu a Gefen Dajin Falgore

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Jos ta Tudun Wada ya san inda ƙasa take sauya kama. Daga Kura har Kwanar Ɗangora gonaki ne a shimfiɗe, gawo nan, kuka can, ido yana cin nisa. Da an bar titin Zariya an karya hagu, aka wuce Tudun Wada, sai itatuwa su fara matsowa bakin kwalta, duwatsu su fara ɗagowa, kafin ka ankara mota ta shige inuwa. Nan ne Falgore, tafiyar fiye da kilomita 100 daga birni. A wani ƙauye da ke gefen dajin aka haifi mahaifiyata, can kuma ake tura ni hutun makaranta a farkon shekarun 1980, tun ba a yanki Doguwa daga Tudun Wada ba.

Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe wurin a shekarun 1940 da sunan gandun dajin Kogin Kano, daga baya a shekarun 1960 aka mai da shi wurin adana namun daji. Faɗinsa ya doshi murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Kogin Kano yana ratsa shi kafin ya faɗa Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da muke ci a birni, ruwan da ya biyo ta ƙarƙashin waɗannan itatuwa suke sha. A lokacin ban damu da wannan lissafi ba. Abin da ya dame ni shi ne taura da kanya.

Bishiyar doka ce sarauniyar dajin. Ruwan da ke sauka a can ya fi na Kano yawa, shi ya sa take tsayawa a jere, mai faɗin ganye, mai miƙaƙƙen jiki, har ta rufe sama. Da rani takan zubar da ganye, wutar daji ta bi ta ƙasa ta lashe ciyawa, ko'ina ya yi baƙi ƙirin. Abin mamakin yana zuwa ne da bazara. Ko ɗigon ruwa bai sauka ba, zafi kamar ya kashe mutum, sai ka wayi gari doka ta fitar da sabon toho jajawur, mai sheƙi, mai taushi. Bayan 'yan kwanaki jan ya dushe ya koma ruwan ƙasa, sannan kore ya biyo baya. Idan ka hau kan dutse a irin wannan lokaci, za ka ga duk launukan a lokaci guda, domin ba rana ɗaya suke yin toho ba. Kafin nan kuwa, da tsakar ranar rani, akwai wata ƙara da ke tashi a dajin, ƙas! ƙas! daga nan da can. Kwanson 'ya'yan dokar ne yake bushewa ya murɗe, ya tsage da ƙarfi, ya cilla ƙwayar nesa da gindin uwar. Kawuna yakan tsinci kwanson ya miƙo mini, na ga yadda ya nannaɗe, da taurin da sai ka sa ƙarfi kafin ka karya shi.

Kawuna manomi ne, masara da dawa da ɗan rake a fadama, amma sunan da ya yi a yankin na zuma ne. Ba mai yawan magana ba ne. Idan muna tafe, sai ya daki jikin itace da sandarsa ya ce, "Ɗan birni, wannan fa?" In na yi shiru, ya faɗi sunan sau ɗaya, ya wuce. Gobe kuma zai sake tambaya. A haka na san maɗaci da ɗacin ɓawonsa da ake jiƙawa don ciwon ciki, na san marke da ake yin asuwaki da shi, da maje mai ƙaro mai ƙanshi, da kawo da Fulani ke hawa su sassaro wa shanu ganyensa idan ciyawa ta ƙare. Ƙirya ya fi girmamawa. "Wannan ta maƙera ce," in ji shi. "Gawayinta ne kaɗai ke narka ƙarfe yadda suke so. Turmin da ka ga kakarka tana daka a ciki, tun ban yi wayo ba yake nan, ƙirya ce."

Na taɓa tambayarsa, "Kawu, ba kwa tsoron ɓata a nan?" Ya dube ni ya ce, "Kai kana ɓata a Kurmi?" Kasuwar Kurmi yake nufi. A wurinsa kowane lungu na dajin yana da suna da alama: rafin da ba ya ƙafewa, tsamiyar da aradu ta tsaga, kwazazzabon da gwaggon biri ke kwana. Ya kuma san iyakar gandun hukuma sarai, ya san cewa idan malamin daji ya kama mutum da ɗanyen itace, gatarinsa ya tafi, ga tara. Mutane suna ƙorafi a kan haka, suna kuma ɗan satar hanya. Amma busasshen itace suke ɗiba, su ɗauko a ka ko a jaki, iya na girki.

Amyoyinsa a kan itatuwan bakin daji yake ɗaure su. Da ciyawa yake saƙa su, dogaye, ya shafe cikin da kashin shanu, ya turara da hayaƙi mai ƙanshi don kudan zuma su shigo. Ɗiba sai da dare. Zai cire riga, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya hau da damin ciyawa mai ci da wuta, ni da ɗansa muna ƙasa riƙe da ƙwarya, an ce mu rufe baki mu tsuguna. Hayaƙi ya turnuƙe, kuda suna ta gunji, sai ka ga ƙwarya tana saukowa a igiya a hankali, cike da saƙa, da ɗumi, da 'yan kudan da suka maƙale. Wani sashen saƙar fari ne, wani baƙi. Kawu yana ɗanɗanawa zai ce wannan furen ɗorawa suka sha, wannan na kaɗanya ne. Ba ya kwashewa duka. Yakan ce wanda ya yi musu ƙarƙaf, baɗi amya zai tarar fayau.

Aikin mata shi ya fi wahala, kuma shi aka fi mantawa idan ana labarin daji. Da farkon damina tun asuba suke fita tsintar kaɗanya, a cikin raɓa, da tsoron maciji. A ci naman, a tara ƙwallon, a dafa, a shanya, a fasa, a soya, a daka, a niƙa a dutse har ya zama baƙin kunu. Sannan kakata ta zauna da babbar ƙwarya tsakanin ƙafafunta, tana zuba ruwa kaɗan-kaɗan tana bugawa da hannu, har farin mai ya taso ya rabu da dusa. Ina tsaye ina kallo sai ta ce, "Maigidan nawa, ka zo da kuɗin cefane ko kallo ka zo yi? Miji ba ko sisi, sai ci!" Na ce, "Ai na sake ki tun jiya." Ta ce to in ajiye ƙosan da ke hannuna, da manta aka soya. Da wannan man kaɗe ake miya, da shi ake kunna fitila, da shi ake shafa wa jariri da mai targaɗe.

Ɗorawa kuwa ba ta kowa ba ce. Kowace bishiya a gona tana da mai ita, ana gadonta, har akan sayar da gona a ce ban da ɗorawar ciki. Na ga shari'ar da aka kai gaban mai unguwa a kan bishiya guda, kuma ba wanda ya ga abin dariya a ciki, tunda daga ita ake samun gari, da kalwar daddawa, da makubar daɓe.

Namun daji ban ga da yawa ba. Gwaggon biri a bakin titi, gada tana tsallake hanya, zabin daji da makwarwa. Zaki da ɓauna a bakin tsofaffin maharba kawai na ji su.

Abubuwa sun fara juyawa ina ganinsu. Farin 1984 ya koro garkunan shanu daga arewa, da yawa ba su koma ba. A 1985 farashin kuza ya faɗi a duniya, aikin haƙa a Riruwai ya yi sanyi, majiya ƙarfi suka nemi wata hanyar ci. Kano tana ta kumbura, kananzir yana ta tsada, gidajen burodi suna neman itace. Jaki ya ba wa babbar mota wuri. Ƙiryar da ake bar wa maƙera ta koma buhunan gawayi a jere a bakin titi. Ba na zagin mai sara, domin na san abin da ke tukunyarsa, kuma a birni mu ne masu saye. Daga baya ɓarayin shanu da masu tare hanya suka mai da dajin mafaka, har ya kai direbobi ba sa son ratsa shi bayan la'asar. A 2017 sojoji suka kafa filin atisaye a ciki.

Har yanzu akwai doka a Falgore, kuma tana toho da bazara. Masu shiga su tambayi sunan itace ne suka yi ƙaranci. Bayan rasuwar Kawu na je gaisuwa, na tambayi ɗansa ko yana nan yana ɗora amya. Ya ce yana yi, amma a kan mangwaron bayan gida da ɗorawar gona, ba ya wuce nan. Na ce yaransa fa, sun san hanyar rafin da muke zuwa? Ya ce, "Yaya, wa zai bar yaro ya shiga can yanzu? Babban yana Kano yana tuƙa adaidaita. Zumar ma rabinta wajensa nake aikawa, shi yake sayar mini a Sabon Gari."