Gardawa a inuwar bedi ta Birnin Ƙonni

Birnin Ƙonni gari ne na mararraba. Babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi ta ratsa shi, wata kuma ta yi kudu zuwa Illelar Najeriya da Sakkwato. A shekarar 1899 sojojin Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine suka ƙone tsohon birnin, suka kashe mutane masu yawa. Da ikon Allah garin ya sake tashi. Ranar Laraba kasuwarsa tana tara masu albasa daga Galmi, da masu bisashe daga ƙasar Illela da Badagishiri, ga kamiyo na siminti daga Malbaza, ga ƴan canji riƙe da sefa da naira.

Baƙon da ya sauka tasha da hantsi yakan nemi inuwar bedi ya huta. Wata rana yana zaune sai ya ji ganga ta tashi. Kafin ya waiwaya yara sun kewaye wuri, masu talla sun sauke faranti, har ƴan kabu-kabu sun kashe babura. Gardawa ne suka iso.

Babbansu ya ɗaura warki, ga kambu a damtse, ga ƙararrawa a ƙafa. Ya yi kirari, ya buɗe akwati, gamsheƙa ta fito ta fasa kai. Jama'a su ja da baya, shi ko ya durƙusa gabanta yana yi mata magana kamar ɗiyarsa. Yaronsa ya naɗa mesa a wuya yana rawa, yana kiran dattawa da Baba, yana cewa su matso su taɓa. Wasu gardawan har da biri suke zuwa, ko kura da takunkumi da sarƙa. Mutane suna dariya suna jefa dala biyar, dala goma.

Wannan sana'a ta gado ce. Bayan kaka suke fita, daga wannan kasuwa zuwa waccan, iyaka ba ta tsai da su. Sun san halin maciji ƙwarai, kuma in ya shiga ɗaki ko rumbu su ake kira. Yabon gwani ya zama dole.

Amma in ganga ta yi shiru sai a shimfiɗa buhu, a fito da garin magani ƙulli-ƙulli. A ce wanda ya sha, dafi ba ya kama shi. A nan ne ya kamata manomi ya yi hankali. Sau da yawa macijin wasa an cire masa haƙoran dafi. Wanda ya fi kashe manoma ko, yana can gona. Ita ce kububuwa, ƴar ƙarama mai launin ƙasa, mai ɓuya ƙarƙashin karan hatsi da duwatsun Adar. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum yana iya jin sauƙi ranar farko, daga baya jini ya ɓalle masa ta dasashi da fitsari. Shi ya sa ake ce mata gobe da nisa. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, don yawan talakawan karkara da yake kashewa.

To, in abin ya faru, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da munduwa, a kwantar da mutum kada ya yi tafiya, a sa shi amalanke ko mota zuwa likita mafi kusa nan take. Allurar maganin dafi ita ke ceto. Akwai asibiti a Ƙonni, akwai na Galmi da aka buɗe tun 1950. Mai zuwa gona ya sa takalmi, mai fita da dare ya riƙe fitila.

Gardi ya cancanci kuɗin gangarsa, a ba shi da daɗin rai. Amma wanda ya sayi ƙullin magani kada ya dogara da shi har ya kwana gida da sara a ƙafa. Allah ya tsare manoma, ya ba da damina mai albarka.