Wutar da Ke Kwana a Cikin Akwati

A ɗakin marigayi mahaifinmu da ke Suleja akwai wani akwatin talabijin mai ƙeya, wanda ya daɗe lulluɓe da tsohon zane, an ɗora masa buta da tarin takardu. A gabansa muka tashi. A shekarun 1980, lokacin da sai da yamma NTA ke buɗe tasha, yaran unguwa kan cika tsakar gidanmu don kallon Samanja, mu kuwa 'yan gida mu riƙa hura hanci kamar mu muka ƙera shi. Mukan kusantar da hannu ga gilashinsa mu ji gashin jikinmu na miƙewa, mu yi ta dariya. Ba wanda ya taɓa gaya mana abin da ke tayar da gashin.

Da hutun ƙarshen zango muka je gida don gyara ɗakin. Ɗan yayanmu, yaro mai shekara goma sha uku, ya jona akwatin ya kunna, sai wani siririn layi mai haske ya bayyana a tsakiyar gilashin, ba hoto. Muka bar shi muka tafi sallar Azahar. Dawowarmu ke da wuya muka tarar ya kwance bayan akwatin, sukundireba a hannu, yana shirin ɓamɓare wata baƙar roba mai kama da ƙahon wanzami da ke manne a jikin kwalbar.

"Baffa, ai na zare fulogi," in ji shi.

Gaskiya ba ilimi ne ya sa muka riƙe masa hannu ba. Digirin da muka yi a kan adabi bai koya mana komai game da lantarki ba. Tunowa muka yi da ranar da wani mai gyara ya yi tsalle da baya a wannan ɗaki, ya buge ƙeya da bango, mahaifinmu yana ta salati.

Washegari muka ɗauko wani dattijo mai gyaran rediyo daga bakin kasuwa, cikin 'yan kaɗan da suka rage masu sanin irin wannan akwati. Shi ya buɗe mana ido, daga baya karatu ya tabbatar da zancensa. Kwalbar nan, wadda Bajamushe Karl Ferdinand Braun ya fara ƙera irinta a 1897, tana bukatar ƙarfin wuta mai yawa kafin ta zana hoto: a talabijin mai launi yakan kai bolt 25,000, alhali wutar gida ba ta wuce bolt 230 ba. Jar wayar nan mai kauri ita ke kai wutar ƙarƙashin baƙar robar. Gilashin kuwa an shafe shi ciki da waje da abin da wuta ke bi, don haka ya zama tamkar randa: a zare fulogi, wutar na nan kwance, wani lokaci har kwanaki.

"Malam, wannan ta firgita mutum ta jefar," in ji dattijon, sannan ya nuna wata 'yar gwangwani a kan allon na'urar. "Wannan kafasita kuwa bolt ɗari uku kawai take riƙewa, amma na fi tsoronta."

Ya cire agogonsa da zobe. Ya ɗaura waya a ƙarfen sukundireba mai mariƙin roba, ya maƙala ɗaya bakin a wayar da ta zagaye bayan kwalbar, ya cusa hannun hagu a aljihu don kada wuta ta sami hanyar ratsa ƙirji. A hankali ya zura bakin sukundireban ƙarƙashin robar. Tas! Yaron ya ja da baya. Dattijon ya dakata kaɗan ya sake, domin a cewarsa takan ɗan farfaɗo.

Ya kuma hana a ɗauki kwalbar ta wuya. Babu iska a cikinta, idan ta fashe sai ta rufta ciki ta watso gilashi. A gilashin akwai dalma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yara. Nan muka tuna da 'yan jari-bola da muke gani suna farfasa irin waɗannan akwatuna da dutse don jan ƙarfen da ke naɗe a wuyansu, galibinsu tsaran ɗan yayanmu, ba safar hannu, wasu ko takalmi babu.

Da muka tambayi dattijon ko akwatin zai gyaru, ya ce zai gyaru, sai dai samun kayan ne aiki, tunda kamfanoni sun daina ƙera su; Sony ma ta rufe nata tun 2008. Yaron ya ce to a sayar wa 'yan gwangwan. Muka ce a'a. Dattijon ya mayar da murfin ya ɗaure kusoshi, muka biya shi, muka yanke wayar fulogin daga tushe, sannan muka mayar da zanen da butar inda suke.