Ɗakin baƙi da muka gani a Birnin Damagaram

Ƙungiyarmu tana da ɗaki biyu a bayan wurin da muke zubin asusu, muna saukar da baƙi da haya, ƴan kasuwa da ma'aikata masu wucewa. Ɗakunan sun tsufa, bango ya tsage, baƙi sun ragu. Mun yanke shawarar kwashe rufin ƙasa mu sa kwano, mu shafe bango da siminti, mu sayo kujerun roba. Da muka yi lissafi, sai muka ga aikin zai cinye fiye da rabin kuɗin asusu, ke nan bana mata da yawa ba za su samu rance ba. Muna cikin wannan zulumi aka gayyace mu ziyarar wata ƙungiyar mata a Damagaram, mu huɗu muka tafi.

Daga Maraɗi tafiyar ta fi kilomita 200 bisa gudron, ta Tasawa da Takeita. Mun isa da la'asar, aka kai mu Birni, tsohuwar unguwa inda fadar Sarkin Damagaram take. Garin nan shi ne babban birnin Nijar kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Lunguna ne matsattsu, ga manyan duwatsu tsakanin gidaje, ga zaurukan ƙasa masu zane a goshi, wasu da launi, wasu sun koɗe.

Masaukinmu gidan wata hajiya ne, ƴar ƙungiyar, wadda ta gyara ɗakunan gidan gadonsu don baƙi. Lokacin bazara ne, amma muna shiga ɗaki muka ji sanyi. Muka ɗaga kai muna neman na'ura, babu. Hajiya ta yi dariya ta ce: “Ƴan uwa, ku taɓa bangon nan.” Bango ne mai kauri na tubali. Zafin rana ba ya ratsa shi da sauri, rufin kuma ƙasa ne bisa azara. Kwano kuwa kowa ya sani, da hantsi ya yi ɗaki ya zama tanda.

Muka zauna muna ƙare wa ɗakin kallo. An shafe ciki da farar ƙasa. Daɓe ne a ƙasa, an shimfiɗa tabarmar kaba mai ratsin ja da baƙi. An jera faya-fayai da ƙoren da aka yi wa zane a bango ɗaya kaɗai, sauran an bar su fari. Fitila tana cikin alkuki. Wurin zama tumtum ne na fata, aikin dukawan garin. A kusurwa ga randa daga Mirriya, garin da ya yi suna da tukwane, kimanin kilomita 20 daga Damagaram. Gadon na kafintan unguwa ne, an rufe shi da luru saƙar hannu. Abin da ta sayo na kanti katifa ne, da gidan sauro, da wayar lantarki. Ta ce waɗannan ukun ba a yi musu rowa, don baƙon da sauro ya hana barci ba zai dubi zanen ƙwarya ba.

Da muka faɗa mata niyyarmu ta shafa siminti, ta ja mu waje ta nuna mana bangon wani gida. Simintin ya kumbura ya rabu da ƙasa, ya faɗo ɓawo-ɓawo. Ta ce siminti ba ya kama jikin ƙasa sosai, in ruwa ya shiga ta tsaga sai ya kwanta a ciki ya jiƙa bango. Nata bangon yaɓe aka yi masa da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa ƙasa da shi don ta jure ruwan sama.

Ba ta ɓoye mana wahalar ba. Ginin ƙasa yana son kulawa kowace shekara. Kafin damina sai an hau rufi an toshe tsaga, an gyara indararo. Sai an riƙa duban gara. Azara ta yi tsada, kuma giginya itace ce da ba a sarewa sai da izinin ma'aikatan gandun daji, don haka tsofaffin azarun gidan ta tsince masu ƙwari ta sake amfani da su. Tabarma da faifai suna tara ƙura, kullum sai an kakkaɓe.

A mota muna komawa muka sake lissafi. Kaba dai tamu ce, Gulbin Kaba yana cikin jiharmu, kuma a ƙungiyarmu akwai masu saƙar tabarma da masu ɗinkin faifai. Daɓe aikin mata ne tun kakanninmu, gayya kaɗai yake so. Magini da kafinta ne za mu biya. Kuɗin da za su tafi ga kwano da roba, kaso mai yawa zai koma hannun matanmu.

Ranar zubi muka kawo maganar. Wasu sun ce baƙo zai raina ɗakin ƙasa, ya ce ƙauyanci ne, kuma ba mu ce sun yi ƙarya ba, don akwai masu wannan ra'ayi. Aka tsaya a kan a gyara ɗaki ɗaya tukuna, a zuba siminti a makewayi kaɗai inda ruwa yake zama, a ware ɗan kuɗi duk wata don yaɓen shekara. An gama rufi, ranar Asabar za mu yi gayyar daɓe. Duk ƙungiyar da hanya ta biyo da ita Maraɗi bayan damina, ta zo ta kwana ta faɗa mana gaskiyar abin da ta gani. Allah ya sa albarka.