Jar Fitilar da Ta Hana Mu Tafiya

Mu huɗu ne muka haɗa kuɗi muka sayi motar, wata tokumbo da ta sha gwagwarmaya a Turai kafin ta iso gare mu. Burinmu bai wuce mu riƙa zuwa gida Sallah da iyalanmu ba tare da wahalar tasha ba. Ana saura kwana uku mu kama hanya daga Ikko zuwa Kano, sai wata jar fitila ta kama a allon gaban direba, mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa, ta kuma ƙi mutuwa.

Mai gyaran da muka fara kai wa ko bonet bai buɗe ba. Ya ce, "Alhazai, wannan ai ba ciwo ba ne. In cire ƙwan, ko in manne shi da baƙin salatif." Gaskiya mun so mu yarda, domin kuɗin da ke hannunmu na ragon layya ne. Abin da ya tsayar da mu shi ne tambayar da babbanmu ya yi: idan an rufe bakin mai gargaɗi, an kori abin da yake gargaɗi a kai ne?

Washegari muka je wurin wani dattijo mai gyaran wayar mota. Shi ya fahimtar da mu cewa a ƙa'ida fitilar takan kama na 'yan daƙiƙoƙi idan an murɗa makulli, lokacin da na'urar ke binciken kanta, sannan ta mutu. Idan ta zauna a kunne, to mai yiwuwa jakar iskar ba za ta buɗe ba ranar da aka yi karo, alhali kuwa wannan rana kaɗai aka yi ta dominta.

Ya jona kwamfutarsa a wani soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ta nuna cewa wuta ba ta isa jakar direba. Bai taɓa komai ba sai da ya cire kan batir ya kuma dakata na wasu mintuna, domin na'urar tana riƙe sauran wuta da za ta iya fasa jakar a fuskar mai gyara. Daga nan ya tambaye mu, "Odarku tana yi kullum?" Muka dubi juna, don kuwa ta jima tana ɗaukewa idan an karya kan mota. Ya ce to ga ɓarawon nan: wata siririyar waya ce a cikin sitiyari, naɗe kamar gammo, wadda ke kai wuta ga oda da jakar iska duk yadda aka juya sitiyarin. Tsufa ya sa ta tsinke.

Neman wata wayar ya cinye mana yini guda da wani kaso na kuɗin ragon. Da ya ɗaura ta, ya goge laifin daga ƙwaƙwalwar motar, muka taru a kan allon kamar masu duban wata. Fitilar ta kama, muka yi shiru, can sai ta mutu.

Mun isa gida a makare, kuma ragon da muka yanka bai kai na bara ba. Amma da muka wuce Lakwaja cikin dare, yara na barci a baya, babu wanda zuciyarsa ta ɗarsa masa baƙin salatif. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Mu dai a wannan karon da ido muka ji.