Gatan da Ya Ƙulle Cikin Mahaifina

A ƙasar Gwaram, idan ɗa ya samu aikin albashi, a tukunyar gidansu ake fara ganewa. Buhun shinkafa zai sauka, katan ɗin taliya ya biyo baya, ga gwangwanin madara da ganyen shayi. Maƙwabta su ce wane ya haifu, ya raba iyayensa da tuwon dawa. Da wannan tunani na tashi, da shi kuma na cuci mahaifina ina ganin gata nake yi masa.

Bayan rasuwar mahaifiyarmu na matsa wa Baba ya baro ƙauyenmu da ke can wajen Basirka ya dawo wurina a Birnin Kudu, inda nake koyarwa. Ya ƙi, sai da ƙannensa suka sa baki sannan ya yarda. Ya haura shekara 70 a lokacin, amma shi ke riƙe da gonarsa, da ƙafa yake zuwa ya dawo. Cimarsa tun tasowa ba ta sauya ba. Da safe koko ko ɗumamen tuwon jiya, da hantsi fura da nono a gona, da dare tuwon dawa ko na gero da miyar kuka ko kuɓewa da ta ji daddawa. A tsakani akwai dambu da zogale ko rama, akwai ɗanwake, akwai goruba da magarya da ɗinya idan lokacinsu ya yi. Ban taɓa jin an ce cikinsa ya dame shi ba.

Yana isowa na kafa wa maiɗakina doka. Na ce wahalar da Baba ya sha ta isa, a gidana ba zai ci abincin ƙauye ba. Safe shayi mai kaurin madara da burodi, rana farar shinkafa da jar miya, dare tuwon semo ko taliya. Na hana sayen nono a wurin matan Fulani, wai akwai ƙuda kuma ana sirka shi da ruwan rafi. Na hana daddawa, wai tana sa gida wari. Ya nemi ɗan fili a bayan gida ya shuka kuɓewa, na ce mutane za su zage ni a ce na ɗauko tsoho ina sa shi noma. Har banɗakin zama na sa aka yi masa, ina alfahari da shi, alhali mutumin nan duk rayuwarsa a tsugune ya saba.

Maiɗakina ta ce, "Malam, anya kuwa? Tsohon da ya saba da hatsi?" Na ce ta yi abin da na ce.

Ni ɗan fari ne. Baba bai taɓa kiran sunana ba, balle ya zaunar da ni ya ce bayan gida ya gagare shi. Wanda bai san wannan kunya ba zai yi mamakin yadda mutum zai kwana gida ɗaya da ubansa, uban yana fama, shi bai sani ba. Abin da na gani kawai shi ne ya rage cin abinci, ya rage fara'a, yana yawan shafa cikinsa bayan shayin safe. Na ce kewar gida ce. Maiɗakina ce ta lura idan ya ɗauki buta ya shiga sai ya daɗe har a tayar da salla, ya fito yana gumi. Ita ma ba za ta iya tambayar surukinta ba. Sai da Goggo, ƙanwarsa, ta zo duba shi, ya faɗa mata, ita ta faɗa wa maiɗakina, maganar ta zagayo ta same ni. Yakan yi kwanaki bai zaga ba. Idan ya yi, sai da nishi, ya fito ƙanana masu tauri kamar kashin awaki, wani lokaci da jini.

A nan na ƙara kuskure a kan kuskure. Na ce basir ne, domin a wurinmu duk abin da ya taɓa ciki ko ƙugu ko gadon baya basir ne. Ranar kasuwa na je wurin mai lasifika na sayo ƙullin gari da jarkar tsimi, na haɗa da filasko. Filasko yana aiki, wannan ba ƙarya ba ne: yana tsikarar hanji ya matso abin da ke ciki, da murɗa da komai. Amma da zarar an daina sai cikin ya sake ƙullewa, tun da abin da ya ƙulle shi yana nan a kwanon abinci safe da rana da dare. Haka muka yi ta yi har daren da cikin ya kumbura, Baba ya kasa kwanciya, muka ɗauke shi sai asibiti.

Bayan an sama masa sauƙi an kuma yi gwaje-gwajen da suka nuna babu wani mugun abu a hanjin, likitan ya kira ni gefe. Ya ce, "Malam, kafin ka ɗauko Baba me yake ci?" Na lissafa masa a gurguje, ina jin nauyi. Ya ce, "Yanzu fa?" Wannan kam na lissafa da ƙarfin murya. Ya ajiye bironsa ya dube ni ya ce, "Ai kai ka ɗaure shi."

Ban ji daɗin maganar ba, kuma don in ƙaryata shi na shiga karatu a kan lamarin. Ban samu abin ƙaryatawa ba.

Ƙwayar hatsi tana da gari a ciki, tana da dusa a baya. A cikin dusar, da ganyaye da wake, akwai abin da likitoci ke kira faiba, wato ɓangaren abincin da cikinmu ba ya narkarwa. Shi ke wucewa zuwa babban hanji ya riƙe ruwa, ya sa bayan gida ya yi auki da laushi har hanji ya samu abin turawa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2023, ta ce baligi yana buƙatar aƙalla giram 25 na faiba a rana. Faiban da ke cikin giram 100 na farar shinkafa ɗanya bai kai giram 2 ba. Dawar da ba a surfe ba tana da kusan giram 7, wake ya kai 10. Burodin fulawa da taliya da semo duk daga alkamar da aka cire wa dusa ake yin su. Wato na ɗauki mutumin da hanjinsa ya yi shekara 70 yana aiki da kaya mai auki, na mayar da shi kan fari tas sau uku a rana, na kuma zaunar da shi a kujera.

Wani likitan fiɗa ɗan Ailan, Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya lura da wannan tun da daɗewa. Shi da abokan aikinsa sun yi aikin da ba kowa zai yarda ya yi ba: sun riƙa auna nauyin bayan gidan mutane da tsawon lokacin da abinci ke ɗauka kafin ya fita. A rahoton da suka buga a 1972, mutanen karkarar Afirka masu cin hatsi da dusarsa suna fitar da fiye da giram 400 a rana, abincin yana ratsa su cikin kamar kwana ɗaya da rabi. Turawan Ingila masu cin tataccen abinci kuwa giram 100 da 'yan kai suke fitarwa, abincin yakan yi kwana uku a ciki. A 2010 kuma wasu masu bincike suka kwatanta yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake irin namu, da yaran birnin Florence na Italiya. Suka tarar hanjin yaran ƙauyen cike yake da wasu ƙwayoyin halitta masu narka faiba waɗanda babu su a cikin yaran Italiyan. Waɗannan ƙwayoyi idan suka ci faiba suna samar da sinadaran da bangon hanji ke rayuwa a kansu. Abin da na raina ke nan na kira shi abincin ƙauye.

Maganar abinci mai tsami, irin su koko da nono, ta fi wannan sarƙaƙiya, kuma a nan ne masu yabon abincin gargajiya kan wuce gona da iri. Idan aka jiƙa gero aka niƙa aka bar kamu ya kwana, wasu ƙwayoyin halitta ne ke cin sukarin da ke ciki su mayar da shi tsami. Tsamin yana danne wasu ƙwayoyin cutar gudawa, yana kuma rage wani sinadari da ke cikin hatsi mai hana jiki zuƙar sinadarin ƙarin jini. Amma koko tatacce ne, dusarsa a rariya ta tsaya, kuma tafasasshen ruwan da ake dama shi da shi yana kashe yawancin ƙwayoyin. Amfaninsa ga tsoho shi ne ruwan da ke cikinsa da sauƙin narkewa. Daddawa ma dafa ta ake yi a miya. Wanda ke isa ciki da ƙwayoyinsa a raye shi ne nono da kindirmo. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Stanford ta Amurka aka buga a 2021, mutum 36 aka raba gida biyu na mako 10, kuma waɗanda aka ƙara wa abinci mai tsami irin su kindirmo sun samu ƙarin nau'o'in ƙwayoyin hanji. Gwaji ne ƙarami, ba a kuma kan mutanenmu aka yi shi ba, amma bai saɓa wa abin da na gani a gidana ba.

Shafar cikin da Baba ke yi bayan shayi ma ta samu bayani. Manya da yawa ba sa iya narka sukarin da ke cikin madara, sai ya tara musu iska da ƙugi. Tun 1971 wani bincike da aka yi a Najeriya, wanda Olikoye Ransome-Kuti da ya zama ministan lafiya daga baya yana cikin masu yin sa, ya nuna Fulani makiyaya sun fi sauran ƙabilu iya narka shi. A nono kuwa, tsamin ya riga ya cinye wani kaso na sukarin. Na hana shi wanda cikinsa ke karɓa, na ɗura masa wanda ba ya karɓa.

Tsorona game da tsabtar nono ba shirme ba ne gaba ɗaya. Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauko tarin fuka daga shanu da wasu cututtuka, kuma akwai masu sirkawa da ruwan da ba a san asalinsa ba. Sai dai gyaran wannan bai kai ga haramta nono ba. Maiɗakina ta samu wata Bafulatana tana kawo mana madara sabuwar tatsa, ta tafasa ta da kanta, ta bari ta huce, ta zuba ɗan tsohon kindirmo ta rufe ya kwana. Shi ke nan.

Da muka dawo daga asibiti na sake yin wauta, wannan karon da hujjar karatu. Na sayo dusar gero na ce a riƙa barbaɗa masa a koko da miya. Cikin ya cika da iska, ya ƙara takura. Goggo ta yi dariya har da riƙe haɓa. Ta ce, "Ɗan nan, dusa ta akuya ce. Ka ce wa mai injin kada ya surfe hatsin ya yi fari ƙal, a bar masa ɗan duhunsa. Kuma a ba shi ruwa." Tana da gaskiya ta kowace fuska. Faiba ba ya aiki sai da ruwa, kuma hanjin da ya kwana biyu bai gan shi ba a hankali ake dawo masa da shi. A ƙauye Baba yana shan ruwa mai yawa ba tare da ya lissafa ba, a cikin fura da kunu da farau-farau. A gidana kofin shayi ne, ga shi ya rage shan ruwa da gangan don kada fitsarin dare ya sa ya tashi mutane.

Muka koma tuwon dawa da dare, da kuka ko kuɓewa ko karkashi, waɗanda yauƙinsu kansa yana riƙe ruwa a hanji. Abin da ya rage a ɗumama da safe. Na kuma karanta cewa tuwon da ya kwana ya huce, wani ɓangare na sitacinsa yakan ƙi narkewa ya wuce babban hanji ya yi aiki irin na faiba, ko da an sake ɗumama shi. Fura da kindirmo da rana. Shinkafa ba mu kore ta ba, Jigawa ai ƙasar shinkafa ce, sai dai yanzu da wake take zuwa ko da zogale. Na sa aka gyara masa banɗakin tsuguno, na kuma ba shi filin bayan gida. Cikin ya saki a hankali, jinin ya tsaya. Da damina ta faɗi ya ce zai je ya duba gonarsa, bai dawo ba sai bayan kaka, ban kuma hana shi ba.

Bai taɓa ce mini na yi masa laifi ba. Abin da kawai ya ce wa Goggo shi ne, "Yaron nan yana da kirki, abincinsa ne ba shi da nauyi."

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, a daidai lokacin da mu da muke noma shi daga Sara har Kantoga muke jin kunyar a ga tuwonsa a gidan ma'aikaci. 'Yan'uwana masu albashi, idan za ku aika gida, ku aika da shinkafar, amma kada ku hana tsofaffi hatsinsu da nononsu da zuwa gona muddin ƙafa tana ɗauka. Ku kuma nemi wanda za su iya faɗa wa abin da ba za su faɗa muku ba. Mu mun yi sa'a gwaji bai nuna komai ba, amma ba kowane jini a bayan gida ne basir ba. Ciwon dajin hanji ma haka yake farawa. Duk tsohon da bayan gidansa ya sauya na makonni, ko ya ga jini, ko yake ramewa ba dalili, a kai shi asibiti a duba. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a nan Birnin Kudu. Kada a tsaya wurin mai lasifika.