Daren da na gano ƙofar kwamfutata a buɗe take

1/ Jama'a bari in ba ku labarin wautar da na tafka bara, ko wani ya ɗau darasi. Zaren yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

2/ Ina da wata tsohuwar kwamfuta a gida. Aikina na kammala digiri na ciki, da hotunan bikin yayata, da takardun gidanmu da Baba ya sa na yi musu sikanin. Don in riƙa shiga cikinta daga makaranta, sai na kunna Remote Desktop, na buɗe ƙofa ta 3389 a rauta. Aiki ya ƙare, na manta ban rufe ba.

3/ Wata rana da dare na leƙa Event Viewer, sai ga lambar 4625 jere reras. Wannan lambar na nufin an gwada shiga an kasa. Sunaye irin su admin da user, daga adireshin da ban sani ba, har da ƙarfe ukun dare. Wallahi sai da gumi ya keto min.

4/ Ba wanda ya san ni fa. Manhajoji ne ke yawo a intanet suna ƙwanƙwasa ƙofa. Kwamfuta na da ƙofofin TCP har 65,535. Idan aka ƙwanƙwasa, ko dai a samu ƙofar a buɗe, ko ta amsa da "a rufe nake", ko kuma a ji shiru.

5/ Shirun nan shi ne ɓuya. Kamar mai sallama ne a zaure: in ka ce "maigida ba ya nan", ai ya san da mutum a ciki. Fayawol mai ɓuya kuwa watsar da saƙon take yi, mai binciken ya yi ta jira har ya gaji.

6/ Abin da na yi: na goge buɗin 3389 a rauta, na kashe UPnP da ke bai wa manhajoji damar buɗe ƙofa da kansu, na canza fasawod. Na tabbatar Windows Defender Firewall a kunne take, don dama tana da ɓuya tun asali. Masu Mac, ku kunna stealth mode a saitin fayawol. Masu Ubuntu, ufw default deny incoming, sannan ufw enable.

7/ Daga nan na gwada da ShieldsUP na Steve Gibson, duk ƙofofin suka fito kore. Amma a kula, rauta yake gani daga waje. In kana kan wayifai na hostel, na kusa da kai ma zai iya bincikarka da Nmap, can fayawol ɗin kwamfutar ce kaɗai kariyarka.

8/ Kada ɓuya ta ruɗe ka. Ƙofar da ka buɗe da hannunka ba ta ɓoyuwa. A watan Mayun 2017 WannaCry ta ƙofa ta 445 ya bi ya kulle kwamfutoci, har da na asibitocin Ingila, alhali Microsoft ta fitar da gyaran tun watan Maris. Ku riƙa sabunta Windows.

9/ Allah Ya rufa asiri, fasawod ɗina mai tsawo ne, ba su dace ba. Na kwafe takardun Baba a filash na ajiye a durowa. Shi dai har yau bai san an yi ba, don Allah kar wanda ya kai masa.